WA YA BIYO KA, MALAM? Tsokaci A Kan Tseren Gudu Da Matsayinsa A Wurinmu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Maganar da nake tafe da ita yau ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san akwai waɗanda za su ga ba ta dace da bakin malamin Islamiyya ba. Ina roƙon irin waɗannan 'yan'uwa su yi mini haƙuri su kai ƙarshen rubutun kafin su yanke hukunci. Magana ce a kan gudu, wato gudun ƙafa da kowa ya sani.

ABIN DA NA GANI A KADUNA

Ranar Asabar, 21 ga watan Nuwamba na 2020, ta riske ni a birnin Kaduna, inda na je wata hidima ta dangi. Na fito da sassafe ina haramar zuwa tasha don in kamo hanyar gida, sai na tarar an tare babban titi, babu mota babu babur. Da na tambaya aka ce mini ai yau ne ake tseren gudun famfalaki, karo na farko da gwamnatin jihar ta shirya, a zamanin Gwamna Malam Nasiru El-Rufa'i. An kasa shi gida uku: masu kilomita 21, da masu 10, da masu 5. Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, yanzu saboda wasu marasa aikin yi za a hana bayin Allah tafiya? Tun da ba ni da yadda zan yi, sai na ajiye jakata na tsaya cikin 'yan kallo.

Ba a jima ba sai ga na gaba sun ɓullo, baƙi ne daga gabashin Afirka, sirara, ba su ko haki. Irin waɗannan kan gama kilomita 21 cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci, wato kowace kilomita cikin kimanin minti uku, kuma 'yan Kenya ne suka zo na ɗaya a ranar, maza da mata. Sun wuce kamar walƙiya, na yi mamaki, amma ba su ne suka tsaya mini a rai ba.

Waɗanda suka tsaya mini a rai su ne na bayansu: samarinmu na gida, 'yan ƙungiyoyin gudu, uku-uku ko biyar-biyar, kowace ƙungiya da launin rigarta. Na lura ba sa gudun hauka, takunsu ɗaya kamar masu sussuka. Na ga wani ya sure gorar ruwa a hannun masu rabo, ya kurɓa, ya miƙa wa na kusa da shi ba tare da ya waiwaya ba. Na ga wani ya fara sanyi, abokinsa ya rage taku ya jera da shi yana yi masa magana, har ya farfaɗo. A gefena kuwa akwai wani magidanci riƙe da agogo, ashe mai horar da wasu daga cikinsu ne, suna isowa ya ɗaga murya ya gaya musu mintocin da suka ci, ya ce kada su ƙara sauri sai sun wuce kilomita ta gaba. Can daga baya sai ga sauran jama'a, ma'aikata masu tumbi, da ɗalibai, har da wani dattijo mai furfura a gemu yana tafe sannu a hankali, mutane na yi masa tafi.

Da aka buɗe hanya na haɗu da ɗaya daga cikin samarin nan a wurin mai shayi. Ya ce mini daga Jihar Filato suka zo. Na ce, "Ɗan'uwa, sau nawa kuke fita a mako?" Ya ce, "Malam, kwana shida, kuma tun kafin gari ya waye." Na ce, "To, ranar da ka ji ƙyuya fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ai za a zo a buga mini ƙofa." Ya ƙara da cewa ba ya shan taba, ba ya hirar dare, domin duk abin da mutum ya aikata da daddare, ƙafafunsa za su tona masa asiri da safe. Tun daga Kaduna har na haye Kwara na iso Ka'oje, wannan magana ta buga ƙofa nake juyawa a raina.

YADDA MUKA ƊAUKI GUDU

Da na dawo gida na ce bari in gwada. Bayan sallar Asuba na sa dogon wando da riga, na bi bayan gari ina ɗan sassarfa. Ban yi nisa ba na ci karo da wani dattijo, abokin mahaifina, zai tafi gona. Ya tsaya cak, ya dubi bayana, ya dube ni, ya ce, "Subhanallahi! Malam, lafiya? Wa ya biyo ka?" Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Lafiya lau, Baba, motsa jiki nake yi." Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, kai da yara ke kira Malam? Bar wa yara wannan." Kunya ta kama ni, na koma gida da tafiya.

Ban ga laifin Baba ba, domin abin da ya faɗa shi ne abin da muka tashi a kai. A wurin Bahaushe gudu na mai tsoro ne ko mai laifi. Muna cewa in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba, wato dai ba mai gudu sai an kore shi. Kamala a wurinmu ita ce babbar riga da tafiyar ƙasaita, kuma da zarar mutum ya yi aure ya ajiye ɗan tumbi, sai a ce hutu ya zo.

Amma iyayen da suka gadar mana da wannan ra'ayi ba su buƙaci gudu ba, domin rayuwarsu gaba ɗaya a ƙafa take. Ta wannan ƙasa tamu ta Bargu fatake ke ratsawa da jakuna, su bi ta Nikki da Djougou har Salaga a ƙasar Gwanja, su ɗauko goro su komo, tafiyar watanni. Alhazan farko da ƙafa suka ratsa Chadi da Sudan. Zagage a ƙasa suke, gaban dokin sarki, duk inda ya nufa. Har gobe makiyayanmu wuni suke bayan shanu, manomi kuma da ya yi kwana guda yana huɗa ya fi mai gudun kilomita goma jigata. Mu ne dai, 'yan zamani, muka riƙe ra'ayin muka saki wahalar. Masallacin da ke bayan gida sai da babur, kasuwa sai an hau kabu-kabu, hira kuma a kan benci da waya a hannu har tsakar dare. Sai ga shi hawan jini da ciwon suga, waɗanda a da muke cewa cutar masu kuɗin birni, sun shigo mana har ƙauye.

ABIN DA KE CIKIN LITTATTAFANMU

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, duk hujjar da nake buƙata don in amsa wa Baba tana cikin littattafan da nake karantarwa kullum, ban taɓa tsayawa na dube ta da wannan ido ba.

Imamu Ahmad da Abu Dawuda sun ruwaito daga Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren ƙafa da ita a wata tafiya, ta tsere masa. Bayan wani lokaci, da jikinta ya yi nauyi, suka sake, shi kuma ya tsere mata, ya nuna mata cikin raha cewa an yi ramuwa. Wane ne a cikinmu ya fi shi kamala, har da zai ce gudu ya zubar masa da girma?

A cikin Sahihu Muslim akwai dogon labarin Salamatu ɗan Akwa'u, sahabin da ya bi mahaya da ƙafa lokacin da suka kore raƙuman Manzon Allah (SAW), yana harbinsu da kibau har ya ƙwato dabbobin. A kan hanyar komowa Madina daga Zu Ƙarad, wani mutumin Ansar da ba a taɓa tsere masa ba ya yi ta neman abokin karawa. Salamatu ya nemi izinin Annabi (SAW), aka ba shi. Abin lura a nan shi ne yadda ya bayyana dabararsa da bakinsa: bai saki ƙarfinsa gaba ɗaya tun farko ba, ya bar mutumin a gaba har tudu ɗaya ko biyu yana tattalin numfashi, sannan ya taso ya cim masa ya wuce. Wannan ita ce ainihin nasihar da na ji mai agogon nan yana yi wa yaransa a bakin titin Kaduna, bayan shekara fiye da 1,400.

Haka nan Bukhari ya kawo daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya shirya tseren dawaki a Madina, ya kasa su biyu. Waɗanda aka horar suka taso daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tazarar mil biyar zuwa bakwai gwargwadon ruwayoyi, waɗanda ba a horar ba kuma aka ba su kimanin mil ɗaya, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Ashe raba masu kilomita 21 da masu kilomita 5 ba sabon abu ba ne. Ko a aikin Hajji, an sunnanta wa maza sassarfa a zagaye ukun farko na ɗawafin isowa, da kuma tsakanin korayen alamomin nan biyu a Safa da Marwa, inda kai-komo bakwai ke tasar wa kilomita uku. Duk wanda ya taɓa raka alhazai ya san yadda rashin sabo da tafiya ke wahalar da mutanenmu a Mina, har da masu ƙananan shekaru.

ƘORAFE-ƘORAFEN DA KE DA TUSHE

Ba ina cewa duk abin da na gani a Kaduna na yarda da shi ba ne. Masu ƙyamar irin wannan taro suna da hujjoji, kuma wajibi ne a saurare su.

Na farko tufafi. Al'aurar namiji a mazhabarmu daga cibiya ce zuwa gwiwa, mafi yawan 'yan tsere kuwa gajeren wando suke sawa. Amma gajeren wando ba sharaɗin gudu ba ne. Wando mara nauyi da ya rufe gwiwa ba ya rage wa mai kilomita biyar komai, kuma yana nan jibge a wurin 'yan gwanjo.

Na biyu cakuɗuwar maza da mata a titi ɗaya. Wannan ba za ta karɓu a garinmu ba, ni ma ba na kira zuwa gare ta. Sai dai a ruwayar Imamu Ahmad, sai da Annabi (SAW) ya umurci sahabbai su yi gaba, sannan ya yi tsere da iyalinsa. Darasin a fili yake: an nema wa mace sutura da keɓantaccen wuri, ba a hana ta motsa jiki ba. 'Yan matanmu na Islamiyya za su iya yin nasu a cikin harabar makaranta mai katanga, da cikakkiyar shiga, a ƙarƙashin kulawar malamai mata.

Na uku kuɗi. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaid da Mukhtasar na Shehu Khalil, sun halatta sa lada a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya. Tseren ƙafa kuwa sun halatta shi ne idan ba a sa kuɗi ba, kuma da kyakkyawar manufa. Idan wani ne daga waje, wanda ba ya cikin masu tseren, ya ba da kyauta don ƙarfafa gwiwa, masu sharhi sun kawo ƙauli biyu, halacci da karhanci, Hanafawa kuma sun fi sassautawa. Abin da ya kamata mu nisanta shi ne kowa ya zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, da kuma 'yan kallo su riƙa cin baki a kan wane ne zai zo na ɗaya, domin wannan caca ce tsagwaronta.

Na huɗu salla da ɓata lokaci. Amsar wannan tana cikin maganar saurayin nan na wurin mai shayi. Wanda zai fita gudu kafin rana ta fito dole ya kwanta da wuri, dole ya tashi da Asuba. Ni dai a iya sanina, abin da ke cinye wa samarinmu sallar Asuba shi ne hirar dare da kallon ƙwallon Turai, kuma gudu kishiyarsu ne.

ABIN DA MUKE ASARA

A lokacin da na yi wannan kallo, iyakar Najeriya ta ƙasa a rufe take tun watan Agusta na 2019, kuma kowa a yankin Bagudo, daga Ka'oje zuwa Tsamiya da Lolo da Illo, ya san yadda samarin da abincinsu ya rataya a kan zirga-zirgar Benin suka koma zaman kashe wando. Zaman banza kuwa ba ya zuwa shi kaɗai. Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, amma ƙwayar Tramadol da 'yan'uwanta ba su bar mu ba.

Ina da wani ɗalibi da ya kai izu ashirin a hannuna. Yaro ne mai ƙarfi kamar doki, wanda idan aka aike shi kafin ka juya ya dawo. Da ya kai shekara goma sha bakwai ya fara ɗauke ƙafa daga makaranta, ni kuma ba ni da abin da zan riƙe shi da shi sai wa'azi da bulala, ga shi ya girmi bulalar. Waɗanda suka karɓe shi daga hannuna ba su fi ni hujja ba. Abin da suka fi ni shi ne suna da majalisa, suna zuwa har ƙofar gida su kira shi, suna yaba masa idan ya nuna bajinta, ko da a kan ɓarna ce. Yau idan na hange shi a tasha idanu jajaye, sai ya sunkuyar da kai ya sauya hanya. Ba na cewa gudu ne zai shiryar da shi, shiriya ta Allah ce. Amma na tabbata ƙarfin da Allah Ya zuba wa saurayi sai ya sami inda zai tafi, kuma mu malamai mun tanadar wa ƙwaƙwalwarsa da harshensa aiki, jikinsa kuwa mun bar wa wasu.

Kada kuma wani ya ce wannan harka ta manyan birane ce. Gaskiya ne Legas na yin nata tseren tun 2016, amma Okpekpe ƙaramin gari ne a kan duwatsun Jihar Edo, kuma tun 2013 ya fara tseren kilomita 10 da ya jawo zakarun duniya. A nan maƙwabta, a Parakou ta Jamhuriyar Benin, limaman cocin Katolika ne suka assasa tseren garin a 2008 don tattara matasa. Kada kuma a ce sai da kayan tsada. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi a ƙafarsa ya cinye tseren kilomita 42 da mita 195 a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960. Ba kuma a bar Musulmi a baya ba, ga Hicham El Guerrouj na Maroko da ya ɗauki zinare biyu a Atina a 2004.

Na san ba za mu zama Kenya ba. Garin Iten, inda zakarunsu ke atisaye, yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, kamar yadda tsaunukan Jos da Pankshin ke taimakon 'yan Filato, mu kuwa a kwarin Kwara muke, ga zafi. Zinare ba shi ne burina ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar cikin watan Nuwamba na 2020, ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai tsanani, yara kuma sa'a guda a kullum. Wannan shi ne abin da nake nema mana, tare da abokan kirki masu buga ƙofa.

SHAWARA

Shawarata ga 'yan'uwana malaman Islamiyya da shugabannin ƙungiyoyin matasa na masallatai ita ce, mu fara da ƙungiya kafin mu yi zancen gasa, domin tseren rana ɗaya ne, ƙungiya kuwa ta shekara ce. Kowace makaranta ta ware safiya uku a mako, a haɗu a sallar Asuba, a yi azkar, sannan a fita minti talatin. A fara da tafiya ana haɗawa da sassarfa, domin sannu ba ta hana zuwa. Malami ya shiga gaba da kansa. Wanda bai zo salla ba, ba ya cikin fita, wanda aka rasa kwana biyu kuma a tura mutum biyu su dubo shi.

Idan an yi wata uku ana haka, sai a nemi albarkar hakimi da limamai, a sanar da jami'an tsaro, a sa rana cikin hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, ba cikin azumi ba, ba kuma ranar kasuwa ba. Kilomita 5 ga manya, ɗaya ga yara, duk a cikin gari da kewayensa saboda halin tsaro da muke ciki. Kada a karɓi ko sisi a hannun mai shiga. A sa ruwan sha a hanya, a gayyato ma'aikacin lafiya, wanda ya haura shekara arba'in kuma ko yake da wata lalura a auna jininsa tukuna. Idan wani mai hali ya ga dama ya ba da kyauta, to, keke ko littattafai ko buhun taki sun wadatar. A kuma girmama na ƙarshe kamar yadda aka girmama na farko, domin sau da yawa shi ne ya fi shan fama da zuciyarsa.

Game da Baba kuwa, na koma wurinsa bayan 'yan kwanaki da yamma, na zauna a gefen tabarmarsa na karanta masa labarin Salamatu ɗan Akwa'u tun daga farko har ƙarshe. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Malam, tun da sahabbai sun yi, ni wane ne? Amma ka riƙa sa hula." Na ce, "In sha Allahu, Baba." Har yau da hula nake fita, kuma idan na wuce ta bakin gonarsa yakan ɗaga mini fartanya.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuma daga gare ni ne, ina kuma maraba da gyara daga malamaina. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya shirya mana zuriya, Ya sa ƙafafunmu su yi mana kyakkyawar shaida ranar da za a tambaye su. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.